Gadon da Aka Ƙi Hawa

A ɗakin yara na gidan likitar da na yi aiki shekaru da dama, akwai wani gado da ke manne da teburinmu. Bai bambanta da sauran ba: ƙarfe ne mai farin fenti da ya soma ɓarewa, da katifa mai rigar leda. Abin da ya raba shi da ƴan uwansa wurin zamansa ne kawai. A bangon da ke kansa ne kaɗai ake da wurin jona wuta mai aiki, saboda haka nan muka girke injin iska, wanda ke hura wa yaro iska ta hanci idan numfashi ya gagare shi. Injin ɗaya ne tak a ɗakin, robarsa kuma ba ta fi kamu huɗu ba. Duk yaron da ya fi kowa jin jiki, a wannan gado muke kwantar da shi, ga iska, ga idonmu a kansa.

Daga tsakiyar damina har zuwa lokacin da ake ɗaure damman hatsi, ɗakin nan ba ya ɗaukarmu. Masassarar sauro ce, wadda mu ma'aikata muke ce wa palu, ga kuma tamowa, domin lokacin ne rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai shigo ba. Tun hantsi amalanken jakai ke jeruwa a ƙofa daga ƙauyukan Gidan Sori, babura na sauke mata daga wajen Sae Sabuwa, kowace da goyon da ya yi laushi. Yara uku-uku muke jerawa a gado, a gicciye. Iyaye mata na zaune a ƙasa tsakanin gadaje. In ɗaki ya cika sai baranda, in baranda ta cika sai gindin dogon yaro, inda muka kafa ƙusoshi a jikin itacen don rataye robar ƙarin ruwa.

Aikina na kowace safiya shi ne in ce wane ya sauka, wane ya hau. Ina duba tafin hannu, ina buɗe ido, ina kallon yadda haƙarƙari ke hawa da sauka. Yaron da na ga ya soma miƙa hannu ga ƙosan uwarsa, to ya gama da gado, sai tabarma. Na sha zagi a kan wannan, na kuma rama, don ni ba mai haɗiye magana ba ce. Tun ina ƙarama a gidanmu a Tibiri ake cewa zuciyata a kusa take, kuma farar riga ba ta sanyaya ta ba. Akwai wadda ta taɓa ce mini ba ni da imani, na ce mata imanina yana nan, gadon ne babu.

To, a cikin wannan matsi, da mutane ke roƙon ko da kusurwar katifa, sai ga gado guda an ƙi shi. Matan da ke jinya ba su da aikin yi sai kallo, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Sun lura cewa daga gadon kusa da tebur aka fi fitar da yaro a naɗe cikin zane. Sai magana ta tashi wai gadon yana ci. Ba a faɗa a gabanmu, a bakin famfo ake faɗa, wurin wankin kwanoni. Baƙuwa kafin ta ga likita ta riga ta sha labari: ki yarda da ko'ina, ko da ƙasa ce, amma kar ki yarda da wancan. Har ta kai mace ba ta ɗora ko ƙwaryar furarta a kansa, in za ta wuce kuma sai ta tattare zane kada ya shafe shi.

Na yi bayani har na gaji. Na ce musu wanda ya riga ya yi nisa shi muke kai wa can, ba gadon ke kai shi nisa ba. Na ce yara nawa suka tashi a kansa da ransu? Amma waɗannan babu mai tuna su, domin da yaro ya samu sauƙi muke mayar da shi wani gadon, sai wancan ya kwashe yabo. Su ce to, likita, mun ji. Gobe kuma a koma gidan jiya. Abin yana ci mini rai fiye da yadda ya kamata, kuma yanzu na san dalili. Ni ma a irin gidan na tashi. Kakata ba ta bari a yi shara bayan magariba, ba ta bari a tsallake yaro yana kwance. Da na shiga lakol, wato makarantar boko, sai na riƙa jin kunyar waɗannan abubuwa. Duk macen da ta ce gadon yana ci, ji nake kamar ta tona mini asiri.

Ranar da abin ya faru, da safe wani yaro ya cika a gadon. Mai sharar ɗakinmu, wata dattijuwa da ta girme ni nesa ba kusa ba, ta goge katifar da ruwan jabel mai kashe ƙwayoyin cuta, muka bar ta ta bushe. Wajen ƙarfe goma aka shigo da wata yarinya da ba ta wuce shekara uku ba. Kakarta ce ta goyo ta, tsohuwa doguwa siririya, ƙafafunta duk laka. Daga wani ƙauye suke bayan Gidan Sori. Tun asuba wani maƙwabcinsu ya ɗauko su a amalanke, ruwa ya yanke hanya, suka yi zagaye. Uwar yarinyar tana gida cikin jego, kwana tara da haihuwa, uban kuma yana can arewa wurin haƙar zinariya.

Ina kwance goyon na san wannan ba ta baranda ba ce. Tafin hannunta fari fat, hanci na buɗewa yana rufewa, ƙirji na lotsawa da kowane numfashi, leɓe ya soma duhu. Na gode wa Allah a raina da gadon yake fili. Na ɗauke ta na nufi tebur, sai na ji an riƙe mini gwiwar hannu.

"Ɗiyata, tsaya," in ji tsohuwar. "Ba wanga ba."

"Inna, nan iskar take. Jikanyakki iska taka so, yanzu-yanzu."

"Na jiya. Amma ba bisa wanga gado ba. An hwaɗa mani tun bakin pampo. Yau ma da sahe ya ci wani."

"Gado ba shi cin kowa, Inna. Ajali na Allah na."

"Ni za ki hwaɗa ma ajali? Ɗiya huɗu na rasa. Amma wagga amana ta. Uwatta ta aza mani ita ga baya, ta ce Inna ga ta nan. In na koma anka ce mata na aza ta bisa gadon da kowa ka gudu, mi za ni ce mata?"

Sannan ta nuna ƙasa, ɗan filin da ke tsakanin gadon da tebur, ta faɗi abin da har yau nake ji a kunnena.

"Ki bar ni in shimhiɗa tabarmata nan, in zamna in rungume ta. Igiyag ga ai tana kaiwa."

Tana kaiwa. Na san tana kaiwa, ni da nake jan robar nan kullum. Da na ce to, da cikin minti biyu iska na shiga hancin yarinyar. Gaskiya ne muna da doka ba a shimfiɗa a wurin, don nan ce hanyar da muke bi da gudu, amma dokokin da muka taka a wannan damina sun fi gaban ƙirga. Ba doka ce ta hana ni ba. Ɗaga kai na yi na ga ɗakin ya yi tsit, mata sun zuba mana ido, har na baranda sun leƙo ta taga. Sai na ce a raina, in na yarda yau, shi ke nan, na sa hannu cewa gadon yana ci. Gobe ba wadda za ta hau shi, na rasa gado guda har ƙarshen damina, ni da nake jera yara uku-uku. Na ce yau za a yi ta ta ƙare. Kuma na tabbata tsohuwar za ta sauko. Wace kaka ce za ta ga jikarta na haki ta tsaya gardamar gado?

Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Inna, nan gidan likita na, ba gidan boka ba. Ko gado, ko baranda. Zaɓi guda."

Ba ta yi fushi ba, kuma da fushin ta yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ce ta kama ta, irin ta babba da sa'ar ɗiyarta ta yi wa tsawa cikin mutane. Ta sunkuyar da kai, ta miƙo hannu biyu, na ba ta yarinyar. Da hannuna na ba ta. Ta juya ta fita baranda, mata suka matsa suka ba ta wuri a jikin bango.

Ba zan ce na yasar da su ba, kuma da wannan na yi shekaru ina lallashin kaina. Na bi su baranda na yi wa yarinyar allurar palu, na sa mata ruwa, na ɗebi jini na aika a duba, na rubuta a kawo mata ƙarin jini. Duk abin da ake yi na yi, ban da abu guda da ta fi bukata. Ina ɗaure mata roba a hannu ina cewa, "Gadon na nan, Inna, in kin shirya." Ta ce, "To, ɗiyata," ba ta motsa ba.

Na koma ɗaki na ci gaba da aiki. Gadon na nan fili, injin a kashe. Ko a mafarki ban zaci abin zai wuce rabin awa ba. Duk fitar da zan yi sai na saci kallonsu. Tsohuwar ta jingina da bango, ta ɗora yarinyar a ƙirji, tana yi mata fifita da faifai, wai ta ƙara mata iska. In na ga haka sai zuciyata ta karye, in na tuna idon matan ɗaki sai ta sake ƙeƙashewa. Ita tana jira in ce ta kawo tabarma, ni ina jira ta ce a kai ta gado. Majo, shugaban ma'aikatan jinya, ya raka wani majinyaci Maradi tun da safe, abokiyar aikina kuma tana fama da layin waje. Babu wanda zai ce mini ke, bari. A haka aka kira azahar.

Mai shara ce ta dawo daga salla ta tarar da mu yadda ta bar mu. Ta dubi gadon, ta dubi baranda, ta dube ni. Ba ta yi lakol ba, kuma ba ta taɓa sa baki a aikinmu ba. Ta jingine tsintsiya, ta kama gadon ta wajen ƙafa.

"Madam, kama mani. Gadon ga na son rana."

"Wace irin rana kuma?"

"Ke dai kama."

Ban san abin da ya sa na kama ba, ina jin na gaji da kaina ne. Muka fitar da shi ta gaban kowa, ta baranda, ta gaban tsohuwar, muka dire shi a tsakar fili cikin rana. Daga nan ta wuce gaba ina bin ta, muka shiga ɗakin gardi, inda mu ma'aikata muke ɗan miƙe baya, muka ɗauko gadon da ke ciki muka kafa shi a gurbin wancan. Duka aikin bai kai tsawon dafa shayi ba. Kafin mu gama daidaita katifa, tsohuwar na tsaye a bayana da yarinyar a hannu. Ba wanda ya kira ta. Ta yi bisimilla ta kwantar da ita da kanta, na sa robar a hanci na kunna inji.

Mai shara ta ɗauki tsintsiyarta. Da za ta wuce ta kusa da ni ta ce a hankali, yadda ba wanda zai ji, "Su ma sun san Allah ka kashewa, madam. So suke su ga an kula."

Yarinyar ta ɗan farfaɗo. Leɓen ya washe kaɗan, ta buɗe ido, har ta nemi ruwa. Jini ya iso muka ɗaura mata. Na bar wa abokiyar aikina sauran ɗakin, na zauna a bakin gadon ina addu'a irin wadda ban taɓa yi wa ɗan wani ba, kuma in zan faɗi gaskiya rabin addu'ar don kaina nake yi. Bayan la'asar numfashi ya soma tsinkewa. Muka yi iya abin da muka sani. Kafin rana ta yi ja ta cika.

Da majo ya dawo ya duba takardarta, ya girgiza kai, ya ce an makara kawo ta, jinin ya yi ƙasa da yawa, mai yiwuwa ko tun safe aka sa mata iska da haka za ta kasance. Mai yiwuwa. Na karɓi wannan magana hannu bibbiyu, na kuma ce masa kakar ce ta ƙi gado. Ban ambaci tabarma ba.

Maƙwabcin nasu ya ɗaura wa jaki amalanke, yana gaggawa su kama hanya da sauran haske. Tsohuwar ta naɗe yarinyar ta goya ta, kamar yadda ta kawo ta. Na yi zaton ta tafi, sai ga ta ta dawo har tebur tana nemana. Ta durƙusa a gabana da gawar a bayanta.

"Ɗiyata, ki gahwarta mani. Na ɓata maki rai cikin mutane. Ke kin hwaɗi gaskiya, ni ad da taurin kai. Da na ji maganakki tun da sahe, wataƙila da tana nan."

Ta share ido da bakin mayafi ta ci gaba.

"In na koma, haka za ni hwaɗa ma uwatta. Likita ta ba mu gado, ni na ƙiya."

Maganar tana nan a bakina. Abin da zan ce bai fi ƙarfina ba: Inna, ke kin kawo dabara, ni ce na hana. Amma ga majo a tsaye, ga matan ɗaki sun sake zuba mana ido. Na kama hannunta na tashe ta, na ce, "Ba komi, Inna. Kwana ya ƙare. Allah shi ba ku haƙuri." Wato na yafe mata. Ni na yafe mata. Ta sa mini albarka, ta yi godiya a kan ɗawainiya, ta fita ta hau amalanke.

Daga ranar sauya gado ya zama aikinmu. Duk sa'ad da yaro ya cika, mu kama gadon mu kai rana, mu ɗauko na ɗakin gardi, da yamma mu shigar da wancan ya maye gurbinsa. Gadaje biyu ne kawai ke ta kai da kawowa, kuma matan sun sani sarai, don a gabansu ake yi. Ba wadda ta sake gardama. Majo ya yaba mini a gaban ma'aikata, ya ce na iya zama da mutanen ƙauye, mai shara na gefe tana jin mu. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, ai tun ina ƙarama na san wannan. Ranar da ya kamata in yi aiki da shi ne na manta.

Ko awannin nan uku ne suka kashe yarinyar, Allah kaɗai ya sani, kuma na daina neman wanda zai yanke mini hukunci. Abin da ke tashe ni zaune ina cikin hira da mutane shi ne tsohuwar. Mu biyu muka ja igiyar nan, amma ita kaɗai ta tafi da nauyin, ta kai shi gaban mai jego, ta ce ni ce. Ina nadamar wannan fiye da duk wani kuskuren allura ko na magani da na taɓa yi a aikina.

Sau biyu aikin rigakafi ya kai ni ƙauyensu. Zuwan farko na zauna a ƙofar mai gari ina ɗiga wa yara magani, ina duban fuskar kowace tsohuwa, ina fatan in gan ta, ina kuma roƙon kada in gan ta. Ban tambayi gidan ba. Na ce wa kaina aiki ya yi yawa, wani zuwan na yi.

Zuwa na biyu ya zo bayan shekara huɗu. A hanya na shirya maganar tsaf, har da yadda zan durƙusa. Da layi ya ragu na yi ta maza na tambayi wata mata da ta kawo ɗanta, na kwatanta mata tsohuwar, doguwa siririya, wadda jikarta ta rasu a gidan likita uwar na cikin jego.

"Ayya, ai ta rasu bara," in ji matar. "Wadda ta hana a sa ma jikatta iska ko? Kowa ya san ta. Baiwar Allah, tun daga nan ba ta sake yarda ta goya ɗan kowa ba. Ko an miƙa mata jinjiri sai ta ce a ba mai hankali."

Matar ta tsaya tana kallona, tana jiran jin inda na san ta. Na ce Allah ya jiƙanta, na ce a miƙo yaro na gaba.